Ƙungiyar mata masu ciwon suga a Damagaram: ta ina za a fara, wa za ta jagoranta?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Birni, cikin Damagaram, kuma na daɗe da ciwon suga. Matan da aka gano musu ciwon kwanan nan sun fara sallama gidana, wannan ta tambayi abin da za ta ci, waccan ta kawo takardar magani in duba mata. Ina so mu zama ƙungiya mai tsari, amma ban yi karatun asibiti ba, ina tsoron in faɗi abin da zai cuci wata. Ya dace in yi wannan aikin? Wane horo ya kamata ni da waɗanda za su taya ni jagoranci mu samu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, ya saka miki da alheri da kika buɗe wa matan nan ƙofa. Aikina jinya ne da koyar da masu ciwon suga, kuma a ganina ki yi, domin ana bukatar aikin ƙwarai a garin nan. Tsoron da kike ji kuma kada ki yar da shi. Shi zai tsare ki daga shiga hurumin likita, wanda shi ne babban abin da ke lalata irin waɗannan ƙungiyoyi.

Mai ciwon suga tana ganin likita na ɗan lokaci kaɗan, sau ɗaya a wata, wata ma sai bayan wata uku, kuma sau da yawa kunya ke hana ta tambayar abin da ya kawo ta. Sauran kwanakin duka a gida take yin su da ciwonta: a gaban murhu, a gidan biki inda aka miƙo mata lemu da alkaki, cikin azumi, ko tsakar dare da gumi ya karyo mata ba ta san dalili ba. A nan ne mace irinki take da abin da ni ba ni da shi. In na ce wa mace allurar insulin ba abin tsoro ba ce, za ta ce a ranta ai malamar asibiti ce, dole ta faɗi haka. In wadda ke yin allurar ta ɗaga gefen rigarta ta yi wa kanta a gabanta, sannan ta ci gaba da hira, magana ta ƙare. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, kuma a wannan ciwon na ga gaskiyar maganar.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Janiba a 2007 musamman kan taimakon da masu ciwon suga ke yi wa junansu. A Bamako kuwa, ƙungiyar Santé Diabète da masu bincike sun gwada abin a aikace: suka horar da masu ciwon su koyar da ƴan'uwansu, aka bi su shekara guda, aka fitar da sakamakon a 2018. Awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, ya sauka da kimanin maki ɗaya a wurin waɗanda aka koyar, na sauran kuwa bai motsa sosai ba. Maki ɗaya kusan abin da maganin suga na ƙwaya iri guda ke saukarwa ke nan, kuma mutanen Bamako cimarsu da zamansu ba su yi nisa da namu ba. Ga kuma yawan masu ciwon: ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma sani ba. Ma'aikatan asibiti kaɗai ba za su iya zama da kowa ba.

Abu na farko da za a koya wa jagora shi ne iyakarta. Ba ta ƙara wa kowa magani, ba ta ragewa, ba ta cewa a daina. Ba ta ɗebo ƙwayarta ta ba maƙwabciya don wai ciwonsu ɗaya, domin maganin da ya karɓe ki zai iya kayar da wadda ƙodarta ta yi rauni. Ba ta duban mace ta ce suga gare ki. Sai dai ta ce zo in raka ki a auna. Takardar da ake kawo miki, kina iya karanta wa mai ita abin da likita ya rubuta, wannan da safe, wancan bayan abinci. In rubutun bai fito ba, ko kika ga abin da ya ɗaure miki kai, ku koma tare a tambaya. Jagorar da ta iya cewa “wannan ban sani ba, mu je mu tambayi majo” (wato babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwa) ta fi mini wadda kowace tambaya tana da amsa a bakinta, kuma ita mata suka fi amincewa da ita in tafiya ta yi tafiya.

Wajen zaɓen waɗanda za su taya ki, ki yi hankali da abin da muka saba yi na ɗora mai kuɗin unguwa ko matar wane a kan kujera don girmamawa. A girmama su, a ba su matsayin iyayen ƙungiya, amma aikin yau da gobe yana son wata irin mace dabam. Ki nemi wadda ta yi aƙalla shekara ɗaya ko biyu da sanin ciwonta, ba ta fashin zuwa asibiti, bakinta yana riƙe magana, kuma in ana zance ta fi sauraro. Ba lalle sai wadda suganta ya fi na kowa kyau ba. Wadda ta sha wahala da nata kafin ya daidaita ta fi tausayin wadda ke cikin wahalar yanzu. Ba lalle kuma sai mai boko ba, muddin a cikinku akwai ɗaya mai iya rubutu, ko da ajami ne. A tabbatar mai gidanta ya san da fitar kuma ya yarda, don kada aikin ya zame mata fitina. Wadda ke sayar da maganin suga ko wane iri, na gargajiya ko na kanti, kada a ba ta jagoranci, ko da kuwa aminiyarki ce. Ku zama uku, har da mai ƙarancin shekaru a ciki, domin amarya ƴar shekara ashirin ba za ta iya yi wa sa'ar uwarta zancen ƙaiƙayin gaba ko na shimfiɗa ba.

Tsarin zama kuwa ba sai kun je nesa nemansa ba. Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da mata a jihar Maraɗi a 1991, daga ƙasarmu ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma wasu matan da suka koyi magana a gaban jama'a a cikinsa har kansiloli sun zama. Abin da ya riƙe shi sananne ne: rana tsayayya, dokar da matan suka yanka da bakinsu, akwati mai kwaɗo uku makullansa a hannun mata uku dabam, lissafi a gaban kowa. Ku ɗauki wannan. Kada ku wuce goma sha biyu ko sha biyar a zama ɗaya, in kun fi haka ku rabu gida biyu, ƴan Zango da Garin Malam su yi nasu kusa da gida. Zaman sati biyu-biyu, tsakanin azahar da la'asar ko bayan la'asar, ya fi taron wata-wata da ake kwana ana shiri.

Horon da nake ba da shawara ba na kwana uku a babban zaure ba ne, a raba takardar shaida kowa ta tafi. Irin wannan bayan wata biyu ba abin da ke saura a ka. Ki je wurin majon asibitin unguwarku, ki nemi a ba ku ma'aikaci ɗaya, mace in da hali, da za ta zauna da ku ukun sa'a biyu a sati har kamar wata biyu, kowane zama abu ɗaya tak, kuma da hannu. Ba a wucewa gaba sai kowace ta yi abin a gaban malamar, ta kuma koyar da shi da Hausar da ake yi a tsakar gida. Bayan haka a riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, jagorori su kawo abin da ya gagare su.

A fara da na'urar awon suga, domin akwai ruɗani a nan da ya shafe mu musamman. Asibitocinmu da giram a lita suke lissafi, amma na'urorin da ke shigowa ta Kano da sauran wurare wasu na nuna lamba iri dabam. Abin da takardar asibiti ta kira 1,26 shi ne 126 a wata na'urar, shi ne kuma 7 a wata. Na ga mace ta firgita da ganin 7 tana zaton ta kusa mutuwa, na ga wata ta kwanta hankali kwance da 18 don ta saba jin ana cewa ɗari da wani abu, alhali 18 ɗin nan ya haura giram 3. Jagora ta san irin na'urar kowace mace a ƙungiyarta. Ga yawancin manya, abin da ake nema, a lissafin giram, shi ne 0,80 zuwa 1,30 da safe kafin karin kumallo, ƙasa da 1,80 sa'a biyu bayan cin abinci, HbA1c kuma ƙasa da 7, sai dai in likita ya yanka wa mace nata ma'aunin, kamar mai ciki ko tsohuwa. A wanke hannu a tsane kafin awo, domin yatsan da ya taɓa dabino ƙarya zai faɗa. Allurar tsira yatsa kuma ba a haɗa ta da kowa, ko uwa da ƴa.

Darasin da ba na yarda a yi masa sauri shi ne faɗuwar suga. Kowa tsoron hawansa yake yi, amma faɗuwarsa ita ce ke iya kayar da mace cikin ɗan lokaci, musamman mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar glibenclamide da ta sha magani ba ta ci abinci ba. Ƙasa da 0,70 faɗuwa ce. Jiki na rawa, gumi na karyowa, zuciya na bugu, yunwa kamar ta yi kuka, wata ta fara magana ba kan gado ko faɗa ba dalili, har a ce iska ce ta taɓa ta a tafi neman mai ruƙiyya. Yadda nake koyar da shi: ɗaya ta zauna kan tabarma ta yi kamar abin ya same ta, jagora ta durƙusa gabanta, ta kira sunanta, ta ga tana iya haɗiya, ta kwance ƙullin da ke haɓar mayafinta ta fito da sukari ƙwaya uku, ta jiƙa a ɗan ruwa ta ba ta. A duba agogo, minti 15. In ba ta dawo daidai ba a ƙara uku. In ta warware a ba ta abinci mai riƙe ciki. In kuwa ta suma, ba a ɗura mata komai a baki, sai a kwantar da ita ta gefe a nemi abin hawa zuwa asibiti, a gaya musu mai suga ce da irin maganin da take sha. A maimaita har hannu ya saba. Sannan kowace mace ta koma gida ta koya wa mutum ɗaya da ke kwana kusa da ita, miji ko ƴa ko kishiya.

Akwai abubuwan da jagora ba ta jira ranar zama a kansu: amai da ba ya tsayawa, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, barcin da ba a gane kansa ba, na'ura ta ƙi ba da lamba ta rubuta HI, ciwon ƙirji, karkacewar baki, gani ya dushe farat ɗaya. Waɗannan sai Babban Asibitin Damagaram ko asibiti mafi kusa, a ranar. Da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, suga yakan rikice, don haka mai zazzaɓi ta ƙara yawan awo, ta sha ruwa, kuma mai insulin kada ta daina allura don ba ta cin abinci sai ta ji daga likita. Tarin da ya wuce sati biyu a auna shi, domin masu suga sun fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Ƙafa kuwa, a kowane zama a cire takalmi. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji a hankali, har mace ta taka ƙaya ko yashin azahar na watan Afrilu ba ta ji ba, sai wari ya sanar da ita. Mu da muke alwala sau biyar muna da damar duba ƙafa kullum: a duba tafin da madubi, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya saboda faso amma ban da tsakanin yatsun. Ba a yanke kaushi da reza. Da hunturu ba a miƙa ƙafa ga kaskon wuta, ruwan wanka kuma a gwada shi da gwiwar hannu. Kafin a ƙunsa lalle a duba ƙafar sosai, domin in ya kama yana ɓoye canjin launi. Gyambon da ya kumbura, ya yi ruwa ko ya fara baƙi, ba a sa masa toka ko garin magani a jira. Yawancin yanke ƙafar da na gani daga ɗan ƙaramin rauni ya faro, wanda aka yi sati biyu ana lallaɓawa a gida.

Yanzu abinci, inda za ki fi shan tambaya. Mace ta fito daga asibiti an ce mata ban da wannan ban da wancan, ta dawo gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma yau ba ita ke da girki ba. Ba za ta ce wa abokiyar zamanta ta dafa mata nata dabam ba, mai gida ma cefanen da ya iya ke nan. Wasu sai su koma wake da alkama kullum har su rame su tsani rayuwa, wasu su ce abin ya fi ƙarfinsu su watsar da komai. Ni abin da nake koyarwa shi ne kwano dabam, tukunya kuwa ta gida. Ta ɗibi nata a kwanonta don ta ga abin da ta ci: tuwo kamar dunƙulen hannunta, miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa wadatacciya, ga kwaɗon zogale ko rama ko tafasa a gefe, wake ko ƙwai ko ɗan nama in an samu. Zogale da kayan lambu na shigowa daga Mirya, ba abin da ya gagari talaka ba ne. Alkama ma tana ɗaga suga in aka cika kwano da ita, yawan shi ne abin lura. Abin sha ya fi ɓarna: shayi mai sukari zagaye uku, lemun kwalba, zoɓon sayarwa, kunu da koko da aka zuba wa sukari. Fura kuma, wadda ba mai raba mu da ita, a dama ta da nono ba sukari, a ƙidaya ludayi, kada a ajiye ƙwarya a gefe ana kurɓa wuni guda. Zuma da dabino abinci ne masu albarka, amma suna ɗaga suga kamar kowane zaƙi. Dabino ɗaya ko biyu ya isa. Raken Matamaye in ya shigo gari sai haƙuri.

Maimakon ku yi ta gardama kan wane abinci ne ya fi, ku gwada. Ku sayi ƴan bandalet, wato tsinkayen da ake sa wa na'urar awo, da kuɗin asusu. Mace ta auna kafin ta karya da koko da ƙosai, ta sake aunawa bayan sa'a biyu. Wani satin ta yi haka da ɗumame da miya, ko ta rage rabin kokon ta ƙara ƙosai. Ta kawo lambobin zama. Abin da mace ta gani da idonta a jininta ba ta mantawa, kuma za ku ga abincin da ya ɗaga na wata bai ɗaga na wata haka ba. Motsa jiki ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a sati, wato rabin sa'a kwana biyar. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida bayan cin abinci, daka da shara ma aiki ne.

Masu insulin suna da matsalar zafinmu. Kwalbar da ba a buɗe ba firijo take so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe ana amfani da ita har sati huɗu. Wani bincike da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, kan yanayin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa sati huɗu a zafin da ke kai da kawowa tsakanin digiri 25 da 37. Labari ne mai daɗi ga marasa firijo, amma bazarar Damagaram tana haura 40. Don haka a koya wa kowa tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, kwalbar kuma cikin ƴar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta.

Akwai maganganun da sai a zaman mata suke fitowa, kuma su ne dalilin da ya sa nake son ƙungiyar mata zalla. Ƙaiƙayi da farin ruwa da ke ta dawowa, wanda ake ta yi wa maganin sanyi, sau da yawa hawan suga ne ke ciyar da shi. Mai son haihuwa ta daidaita suganta kafin ta ɗauki ciki, domin satuttukan farko ne gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, kuma suga mai yawa a lokacin yana ƙara haɗarin ɓari da tawaya. Tazarar haihuwa a nan magani ce. Mai ciki ta nemi a auna ta tsakanin sati 24 da 28, musamman wadda ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4 ko ake da ciwon a danginsu. Wadda sugan ciki ya kama ta sake awo bayan arba'in, sannan lokaci-lokaci, ko da an ce ya tafi. Mai jego ta shayar da ɗanta, ciwon ba ya bin nono, amma a rage mata zaƙin kunun kanwa. Sai kuma ɓoyo. Na san matan da ke yin allura a banɗaki don kada kishiya ta gani ta yi musu gori, da iyayen da ke ɓoye ciwon budurwa don kada manema su gudu. Jagora ba ta tilasta wa kowa ta bayyana. Tana dai nuna mata cewa mutum ɗaya a gidan dole ya sani saboda ranar faɗuwar suga, kuma mai ciwon tana aure, tana haihuwa, tana ganin jikoki.

Zancen azumi a fara shi tun Rajab, kowace ta ga likita sati shida zuwa takwas kafin Ramadan, domin akwai wadda za a canza wa lokacin magani, akwai wadda za a ce kada ta ɗauka, kamar mai ciki ko wadda suganta ke yawan faɗuwa. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, amma mace ta fi natsuwa in ta ji daga bakin malami, don haka ku gayyaci malama ko limamin unguwa zama ɗaya. Awon yatsa ba ya karya azumi. Mai azumin da ta ga ƙasa da giram 0,70 ko sama da giram 3 ta sha ruwa nan take, ko saura minti goma a kira magariba.

Duk wannan ilimin ciwo ne. Jagoranci kansa wani abu ne, kuma shi ya fi wuyar koyuwa, domin mun tashi da tarbiyyar cewa babba ya yi faɗa ƙarami ya sunkuyar da kai. Mace ta zo da 2,80, jagora ta ce “ke dai ba ki jin magana, me kika ci?” To ba za ta sake kawo lambarta ta gaskiya ba, wataƙila ma ba za ta sake zuwa ba. In aka ce “Yaya, sannu, me ya faru a satin nan?” sai ki ji maganin ne ya ƙare kuma ba kuɗi, ko ɗanta ne ba lafiya ta kwana uku ba barci, ko mai gida ne zai ƙara aure. A horo a riƙa gwada wannan bibbiyu: ɗaya ta kawo kuka, ɗaya ta saurara ba ta katse ta ba, ta maimaita abin da ta ji, sannan ta tambaye ta wane abu ɗaya take ganin za ta iya kafin zama na gaba. Abu ɗaya, ita ta zaɓa. A koyi yadda ake tsayar da mai cinye zance cikin mutunci, da yadda ake jawo mai shiru. A buɗe kowane zama da tunatar da amana, cewa abin da aka faɗa a nan ba ya fita ko zaure. Wadda kuka ga ta daina walwala, ba ta barci, tana cewa gara ta huta, a raka ta asibiti, domin ciwon damuwa yana yawan haɗuwa da ciwon suga kuma yana da magani.

Kuɗi a yi shi a fili: zubi kaɗan wanda mafi talaucinku za ta iya, a kashe shi kan bandalet, kuɗin kabu-kabu ga wadda za a kai asibiti, da rance ga wadda maganinta ya yanke. In kun buɗe zauren WhatsApp, a sa doka tun ranar farko cewa ba a tura tallar magani ko muryar wani mai cewa yana warkar da suga cikin sati. Maganin gargajiya kuwa kada ku yi gaba da masu shan sa, in kun zage su ɓoyewa za su yi. A tambaya a hankali me take sha, a ce ta gaya wa likita, a tsaya kan cewa ba a ajiye maganin asibiti dominsa. Ɗacin abu ba shi ke nuna yana sauke suga ba, wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke taɓawa.

Maza ma a neme su, ko sau biyu a shekara, ta hannun mai unguwa ko liman, domin a hannunsu cefane da kuɗin magani da izinin fita suke. In ƙungiya ta yi ƙarfi, jagorori za su iya zuwa wurin hukumomin lafiya da murya ɗaya, su nemi rana tsayayya ta masu suga a asibitin unguwa ko awon ido na shekara-shekara. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, dama ce ta fita gari, amma kada ku shirya awon jama'a sai da ma'aikatan asibiti da kuma inda za a tura wanda aka gano.

Ki kula da kanki da ƴan'uwanki jagorori. Ku ma marasa lafiya ne, kuma ranar da wata cikin ƙungiya za ta rasa ƙafa ko ta rasu tana zuwa, za ku ji kamar laifinku ne. Ku riƙa zama ku uku da malamar asibitin kuna sauke abin da ke ranku. A sa wa jagoranci wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, kowace kuma ta riƙa tafiya da wata tana koya mata tun yanzu.

Ranar zaman farko, ki sa kowace ta zo da karnenta, wato littafinta na asibiti, da duk magungunan da take sha a cikin leda, har na gargajiya, malamar asibitin ta duba su ɗaya bayan ɗaya. A nan ake gano wadda ke shan Glucophage da metformin tare ba ta san magani ɗaya ba ne, da wadda nata ya ƙare tun watan jiya ba ta gaya wa kowa ba.